Kofi a Hannu, Lissafi a Gaba: Oklahoma da Yayin Tara Guraben Zaɓe a NBA

Ranar 22 ga Yunin 2025 ƙungiyar Oklahoma City Thunder ta doke Indiana Pacers a wasa na bakwai, ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na NBA. Ba a yi wata guda ba ta rattaba hannu kan kwantiragi uku: dala miliyan 285 ga Shai Gilgeous-Alexander na shekara huɗu, sai na Chet Holmgren da ka iya kai miliyan 250, da na Jalen Williams da ka iya kai miliyan 287, kowanne na shekara biyar. Jimilla sama da dala miliyan 800 ke nan a kan mutum uku, a ƙungiyar da ta ci kofi ba tare da ta biya ko sisi na harajin wuce iyaka ba.

Tun daga nan kusan kowace ƙungiya mai rauni a NBA ta samu uzuri. Da an tambayi manaja me ya sa ya sayar da gwanin ɗan wasansa, sai ya nuna Oklahoma: a tara guraben zaɓen sababbin 'yan wasa, a sha kashi na shekara biyu ko uku, a jira matasa su nuna. Wannan shi ne yayin da ake ciki, kuma mai wannan rubutu na ganin yawancin masu kwaikwayon sun karanta darasin a baibai.

Sai an fahimci dokar kuɗin kafin a gane dalili. NBA na da iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta biya 'yan wasanta a kaka guda, amma iyakar mai laushi ce, ana iya tsallake ta don riƙe ɗan wasan gida. A kakar 2025-26 iyakar ta tsaya a dala miliyan 154.6. Wadda ta haura miliyan 187.9 za ta biya haraji kan kowace dalar da ta ɗora. Shekaru da dama masu kuɗi ba su ɗauki harajin nan a bakin komai ba. Golden State Warriors da Los Angeles Clippers sun yi ta biya suna ƙara sayayya. Yarjejeniyar da ƙungiyoyi suka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ce ta sauya lissafin, domin ta tsaurara shingen albashi na farko da ke saman layin harajin, ta kuma kafa na biyu a samansa. A 2025-26 na farkon yana kan miliyan 195.9, na biyun kuma miliyan 207.8.

Hukuncin tsallake shinge na biyu ba na aljihu ba ne kaɗai, shi ya sa ya fi ciwo. Ƙungiyar da ta haura shi ba za ta haɗa albashin 'yan wasa biyu ta musanya su da babban ɗan wasa ɗaya ba. Ba za ta sa tsabar kuɗi cikin musaya ba. Ta rasa damar ɗauko matsakaicin ɗan wasa daga kasuwa, sai dai masu mafi ƙarancin albashi. Gurbinta na zagayen farko na shekara bakwai masu zuwa ana daskarar da shi, ba ta da ikon sayar da shi, kuma in ta zauna a saman shingen kaka uku cikin biyar, ana mayar da gurbin nan can ƙarshen layi. Attajiri na iya haɗiye tara, amma ba ya iya sayen hannun da aka ɗaure wa manajansa.

An ga aikin dokar da wuri. Denver ta ci kofi a 2023, ta rasa Bruce Brown a bazarar, ta rasa Kentavious Caldwell-Pope shekara guda bayan haka. Minnesota ta kai wasan ƙarshe na yankin Yamma a 2024, sannan ta tura Karl-Anthony Towns zuwa New York kafin a fara sabuwar kaka. Boston kuwa, wadda ta ɗauki kofin 2024, ta rabu da Jrue Holiday da Kristaps Porziņģis cikin mako guda a Yunin 2025, bayan jijiyar dugadugin Jayson Tatum ta tsinke. Phoenix ta gwada bin tsohuwar hanya, ta tara Kevin Durant da Devin Booker da Bradley Beal, ta zube guraben zaɓenta, ta ƙare kakar 2024-25 da nasara 36 da rashin nasara 46, ko wasannin neman kofi ba ta shiga ba. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ci kofi, babu wadda ta maimaita.

A irin wannan kasuwa, matashin da aka zaɓo daga jami'a ko daga Turai ya zama kaya mafi daraja, ba don ya fi tsofaffi iya wasa ba, sai don farashinsa a rubuce yake. Wanda aka ɗauka a zagayen farko yana shiga kwantiragin shekara huɗu mai ƙayyadadden albashi, biyun ƙarshe kuma ƙungiya ce ke da zaɓin ci gaba ko sallama. Cooper Flagg, wanda Dallas ta ɗauka na farko a 2025, ya fara da abin da bai kai dala miliyan 14 ba, a gasar da manyan taurari ke karɓar sama da miliyan 50. Na ashirin da wani abu a layi kuwa, wajen miliyan uku ya ishe shi. In irin wannan yaro ya iya tsare gida na minti ashirin a wasan neman kofi, ƙungiya ta yi riba ninki goma.

Oklahoma ta riga kowa gane haka, ko kuma a ce dokar ce ta zo ta same ta a shirye. A Yulin 2019 manajanta Sam Presti ya miƙa Paul George ga Clippers, ya karɓi Gilgeous-Alexander da Danilo Gallinari da gurabe biyar na zagayen farko, da damar musanya gurbi sau biyu. Ƙungiyar ta ci wasa 22 kacal a 2020-21, ta ci 24 a kakar da ta biyo, sannan 40, sannan 57, sannan 68 a kakar da ta ɗauki kofi. Wannan tsani ne ke ruɗin masu kwaikwayo, suna ganin kamar duk wanda ya taka matakin farko dole ya kai na ƙarshe.

Amma a dubi waɗanda suka buga wasan ƙarshen. Gilgeous-Alexander, gwarzon gasar a wannan kakar kuma wanda ya fi kowa zura maki, ba Oklahoma ce ta zaɓe shi ba, musaya ce ta kawo shi. Jalen Williams an ɗauke shi na 12 a 2022, da ɗaya daga cikin guraben Clippers, daga Santa Clara, jami'ar da ba kasafai ake leƙa ta ba. Luguentz Dort, wanda ake ɗora wa tsaron babban ɗan wasan abokan hamayya, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2019. Aaron Wiggins na 55 ne cikin 60. Alex Caruso ya zo ne ta musaya da Josh Giddey, Isaiah Hartenstein kuma an saye shi daga kasuwa kan dala miliyan 87 na shekara uku. Shan kashin shekara biyun nan, abin da ya haifar kai tsaye shi ne Giddey da Holmgren, na biyu a zaɓen 2022. Sauran duka ido ne, da haƙurin koci Mark Daigneault, wanda ya taso daga ƙungiyar rainon matasa ta Thunder ɗin kanta.

Presti ma yana harbin iska, kuma ba sau ɗaya ba. Aleksej Pokuševski bai zama komai ba. Ousmane Dieng ya ci gurabe uku na zagayen farko, bai samu wurin zama a cikin manyan 'yan wasa ba. A 2021 gurbi na 16 yana hannun Oklahoma, ta sayar wa Houston, Houston ta ɗauki Alperen Şengün da shi, wanda ya shiga wasan taurari a 2025. Amfanin tarin guraben a nan shi ne manaja ya iya kuskure uku bai rasa aikinsa ba. Wannan amfani ne na gaske, sai dai ba shi ke gano gwani ba.

Masu bibiyar ƙwallon kwando a arewacin Najeriya suna da misali na kusa da gida. Masai Ujiri, wanda ya taso a Zariya, ya kai Toronto Raptors ga kofin 2019 ba tare da ɗan wasa ko ɗaya da aka zaɓa cikin sha huɗun farko ba. Pascal Siakam ɗan Kamaru na 27 ne a 2016, OG Anunoby na 23 a 2017, Fred VanVleet babu wanda ya zaɓe shi, Kawhi Leonard kansa na 15 ne a shekararsa. Toronto ba ta zubar da kaka ko ɗaya da gangan ba kafin ta kai can. A ɗaya gefen kuma akwai Philadelphia ta zamanin manaja Sam Hinkie, wadda ta ci wasa 10 cikin 82 a 2015-16, ta tara manyan gurabe a jere, amma shekara goma bayan fara shirin ba ta ko kai wasan ƙarshe na yankin Gabas ba.

Ita ma ƙuri'ar da ake jefawa don rabon guraben farko ba ta ƙara ba masu faɗuwa da gangan tabbas. A tsarin da aka kafa a 2019, ƙungiyoyi uku na ƙasan teburi kowacce kashi 14 cikin 100 take da shi na samun gurbin farko. A 2025 Utah ta ci wasa 17 kacal, har aka ci ta tarar dala dubu 100 saboda ajiye Lauri Markkanen ba bisa ƙa'ida ba, ƙuri'a ta jefa ta gurbi na biyar. Washington mai nasara 18 ta faɗa na shida. Dallas, wadda damarta ba ta kai kashi biyu cikin ɗari ba, ita ta tafi da Flagg. Mutumin da ya sayi tikitin kaka guda na Utah ya biya kuɗin kallon ƙungiyar da ba ta son cin wasa, kuma babu manajan da ya mayar masa da kwabonsa.

To yanzu ina Oklahoma ta dosa? Kwantiragin Holmgren da na Williams na fara aiki a 2026-27, na Gilgeous-Alexander a 2027-28. Biyun farko kowanne na farawa da aƙalla kashi 25 cikin 100 na iyakar albashi, na ukun kashi 35. Mutum uku za su lashe wajen kashi 85, ga kuma sauran kujeru goma sha biyu da za a cike. Sabuwar yarjejeniyar talabijin ta shekara 11 da NBA ta ƙulla da Disney da NBC da Amazon, mai darajar kusan dala biliyan 76, za ta riƙa ɗaga iyakar, amma doka ta hana ta tashi fiye da kashi 10 a shekara, kuma albashin taurarin ma na ƙaruwa kowace kaka. Shekarar ƙarshe ta kwantiragin Hartenstein da ta Dort duka an bar su zaɓi a hannun ƙungiya, kuma duka sun faɗo a 2026-27. Wannan ba katari ba ne, an tsara shi.

A nan ne tarin guraben ke nuna ainihin aikinsa. Hatsi ne a rumbu, ba don biki aka tara shi ba, don watannin da gona ba ta ba da komai. Zaɓen da ƙungiyar ta yi a shekarun baya-bayan nan ya nuna haka. A 2024 ta ɗauki Nikola Topić na 12 alhali ta san gwiwarsa na da rauni kuma ba zai buga kakar farko ba, don ba ta gaggawar sa. A 2025 ta ɗauki Thomas Sorber na 15 daga Georgetown, dogon ɗan tsakiya mai irin aikin Hartenstein. Gurbinta na 24 a wannan shekarar kuwa ta tura shi Sacramento ta karɓi wani na 2027, domin ba ta da kujerar da za ta ba yaron. Ba tauraro take nema ba, ta riga ta samu. Magada take tarawa ga 'yan wasan da ta san ba za ta iya biya ba, tun suna sanye da rigarta.

Tsofaffin magoya bayan Thunder sun san ɗacin wannan lissafi. A 2012 ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe da Durant da Russell Westbrook da James Harden, dukansu 'yan ƙasa da shekara 24. Watanni huɗu bayan haka, da aka kasa daidaitawa kan kuɗi, Presti ya tura Harden Houston. Mutanen uku kowanne ya zama gwarzon gasa daga baya, amma sai da Oklahoma ta yi shekara goma sha uku kafin ta sake ganin wasan ƙarshe. A wannan karon ya biya manyan ukun tun da wuri, ya bar wa dokar ta ci na gefe.

Akwai masu cewa dokar ta yi kyau, kuma suna da hujja. Oklahoma da Indiana ƙananan kasuwanni ne a ma'aunin Amurka, da wuya a da su haɗu a wasan ƙarshe alhali Los Angeles da New York na kallo daga gida. Sai dai dokar ba ta bambanta ƙungiyar da ta sayi taurari da kuɗi da wadda ta raine su tun suna yara. Boston ita ta zaɓi Tatum da Jaylen Brown, Denver ita ta tono Nikola Jokić a gurbi na 41, amma hukuncinsu ɗaya da na Phoenix. Wanda ya fi jin jiki shi ne ɗan wasa na tsakiya, mai shekara 28 ko 30, wanda ya iya aikinsa kuma ya cancanci miliyan 15 ko 20. Kuɗin sun tafi sama wurin taurari, kujerun sun tafi ƙasa wurin yara masu araha, shi kuma sai ya yi ta yawo daga gari zuwa gari kowace bazara. Rangwame kaɗan ga ƙungiya a kan albashin ɗan wasan da ita ta zaɓa zai rage wannan, kuma batu ne da ya kamata ƙungiyar 'yan wasa ta ɗora a teburi a tattaunawa ta gaba.

Kafin nan, ƙungiyoyin da ke sayar da gwanayensu suna ambaton Oklahoma ya kamata magoya bayansu su yi musu tambaya mai sauƙi: wa ke leƙa jami'o'i irin su Santa Clara a madadinku, kuma wane ɗan wasa na zagaye na biyu kuka taɓa rainawa har ya buga wasan neman kofi? Brooklyn ta ɗauki mutum biyar a zagayen farko na 2025, abin da babu ƙungiyar da ta taɓa yi. Minti 240 ne kacal ƙungiya ke da su ga dukan 'yan wasanta a kowane wasa, kuma dole a raba su tsakanin yaran nan biyar da duk waɗanda suka tarar a wurin.