Dariya Bisa Gawa: Kalma Biyu A Kan Bad Boys Na Huɗu

Jama'a, tun da aka buɗe gidajen silima a Saudiyya cikin 2018, samarinmu na Tandabawi da Shari'ul Mansur suka san hanyar Jidda. Cikin abin da suka gano can, kaɗan ne ya jawo musu kamar Bad Boys: Ride or Die, wanda ya fito a Yuni 2024. Shi ne na huɗu a jerin da aka soma tun 1995. Will Smith da Martin Lawrence sun zo Riyad da kansu domin buɗe shi, kuma yana cikin finafinan da suka fi samun kasuwa a ƙasar nan.

Labarin gajere ne. Mike da Marcus, 'yan sandan birnin Miyami, sun tashi wanke sunan shugabansu marigayi Howard, wanda aka yi wa ƙagen cin hanci bayan yana kabari. Sai ƙagen ya komo kansu, masu farauta suka zama abin farauta.

To, masu sharhi a jaridu sun rabu. Waɗansu suka yaba yadda 'yan wasan biyu su ke jituwa. Waɗansu suka ce tuwon jiya ne aka ɗumama. Da yawa suka tsaya kan marin da Marcus ya sha yi wa Mike, suna tuna marin da Smith ya yi wa Chris Rock a bikin Oska na 2022. 'Yan kallo kuwa ba ruwansu: sun biya, sun yi dariya, sun koma.

Mu dai ba mu ga maimaici aibi ba ne. Wanda ya sauke Maƙamatu Hariri a zaure ya san maƙama 50 ne, kusan duk zubi ɗaya: Abu Zaidu ya yaudari jama'a da zaƙin baki, Harisu ɗan Hammamu ya gane shi daga baya. Malamai sun yi ƙarnuka suna murmushi a kai. Ashe ba yau aka fara dariya da labarin ɗan damfara ba.

Amma fa Abu Zaidu aljihu ya ke yi wa ɓarna, kuma a maƙama ta ƙarshe ya tuba. A nan rai ne ya yi arha. Inda aka fi tafi shi ne inda Reggie, surukin Marcus, ya karkashe maharan da suka faɗa gida, su Marcus suna kallo ta na'ura, baki buɗe. Kare iyali wajibi ne, ba mu musu. Abin da mu ke ƙi shi ne a tsara kisan domin a ƙyalƙyace. Yaron da ya saba dariya bisa gawa, wa zai koya masa nauyin jini?

Wuri ɗaya fim ɗin ya san nauyin nan, shi ne kuma ba a cika ambata ba. Armando, ɗan Mike, shi ya kashe Howard a na uku. A ƙarshen wannan, 'yar marigayin ta same shi a bakin bindigarta, bayan ya ceci ɗiyarta, sai ta ƙyale shi. Almajirin fiƙihu zai tuna babin ƙisasi, inda afuwa ta ke hannun magajin jini. Afuwar nan ta yi nauyi ne don an bar mutuwar Howard ta yi zafi. Da an yi wa sauran matattu haka, da dariyar ta ragu, fim ɗin ya ƙaru.

Saboda haka ba mu ce a ƙaurace ba, ba mu kuma ce a kai yara ba. Baligin da ya je ya dawo, a tambaye shi a majalisa: wace mutuwa ce ta taɓa ka? In ya rasa amsa, to, kuɗin mota ya yi hasara.

Allah ya sa mu gane. Wassalam.