Zanen Kwalin Ashana a Ƙasar Indiya: Fasaha ko Talla?

Tun da Tara Books ta buga littafin Shahid Datawala mai suna Matchbook a 2007, masana suka shiga yabon hotunan kwalin ashanar Indiya, suna kiransu fasahar talakawa. Yabon ya dace, amma sunan bai dace ba. Waɗannan hotuna tambarin ciniki ne, kuma da ma'aunin ciniki ya kamata a fara auna su.

Asalin abin daga Suwidin ya ke. Pasch ne ya ƙago dabarar a 1844, Lundström na Jönköping ya kyautata ta wajen 1855: watau a raba sinadaran, a sa jan fosfaras a jikin kwali, yadda tsinke ba zai kama ba sai an ƙyasta shi a nan. Tsohuwar ashana mai farin fosfaras takan tashi da kanta, tana kuma ruɓar da muƙamuƙin ma'aikata, har aka hana ta a Indiya da dokar 1913. To, kwali ya zama dole ke nan, da kwali ya samu kuwa sai aka sami allon talla. Amma daga ranar da kowace ashana ta zama marar haɗari, kalmar nan ta Turanci da a ke bugawa don shaidar haka ba ta sauran bambanta kowa da kowa. Nauyin talla duka sai ya koma kan hoto.

A ƙasa mai harsuna da yawa da haruffa iri iri, inda masu saye da dama ba su karatu, hoto shi ne suna. (Mu ma nan haka muka san taba mai zobe da mai basukur.) Saboda haka, a ganina, mafi kyaun zanen su ne mafi sauƙi: jirgin ruwan Ship na kamfanin WIMCO, wanda Suwidawa suka kafa a 1923, ko Cheeta Fight, inda mutum ke kokawa da dabbar dawa. Launi biyu ko uku, ja da rawaya da baƙi, layi mai kauri, abu guda a tsakiya. Mai kanti ya gane shi cikin duhun rumfa, yaron da aka aika ba ya mance shi. Ko kwaikwayon da ƙananan masana'antu ke yi wa waɗannan tambura, su sāke harafi ɗaya su bar siffar, shaida ce cewa siffar ita ce dukiyar.

Hotunan alloli da aka ɗebo daga zanen Raja Ravi Varma, wanda ya buɗe maɗaba'arsa a Bombay a 1894, su masu tarawa suka fi so, amma su ne suka fi rauni. An yi su don bango. Da aka matse su cikin faɗin yatsu biyu sai fuska ta cuɗe, inuwa ta zama dabbare. Ga shi kuwa da yawa daga cikinsu a Suwidin da Japan aka buga su, don a jawo mai saye ɗan Indiya. Lalle wannan ya isa ya sa mu yi hattara da cewa “fasahar Indiya” kai tsaye. Kwalayen zamanin neman 'yanci, masu hoton Gandhi da abin kaɗin zarensa, sun fi su ƙarfi, domin a nan saye da kishin ƙasa sun zama magana ɗaya kafin 1947.

Akwai kuma abin da littafin hotuna ba ya iya nunawa. Ayya Nadar da Shanmuga Nadar sun tafi Kalkata a 1922 suka koyo sana'ar, suka kawo ta Sivakasi, gari mai ƙarancin ruwan sama inda tsinke ke bushewa da sauri. Daga nan da Kovilpatti da Sattur akasarin kwalayen nan suka fito, aikin hannu, na mata da yara, har Kotun Ƙoli ta Indiya ta yanke hukunci a kan aikin yaran Sivakasi a 1996. Masu zanen ba su sa suna, masu liƙa takardar ma haka. Malamin da zai kai waɗannan hotuna aji don koyar da launi da tsari, ya kai su tare da taswirar Tamil Nadu, ya nuna wa ɗalibai garuruwan nan uku.