Masu Awon Faifan Kiɗan Metal

Wanda ya taɓa sayen hatsi ya san tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba. Wannan sanin shi ne jarin mutanen da ke ƙiyasta yawan faifan da ƙungiyoyin kiɗan metal suka sayar, kuma aikinsu na burge ni, duk da cewa kiɗan kansa, mai rugugin jita da ganga, ba kowane kunne ke ɗaukarsa ba.

Idan kamfani ya fito ya ce ƙungiyarsa ta sayar da faifai miliyan ɗari, gwanin ba ya musu, ba ya kuma gaskatawa. Takarda yake ɗauka, ya bi ƙasa-ƙasa. A Amurka, hukumar RIAA na ba da lambar zinare ga kundin da ya kai kwafi 500,000, lambar filatinam kuma ga miliyan 1. A Birtaniya zinare 100,000 ne kacal, filatinam 300,000. Jamus kuwa ta sha sauya mudunta: zinaren da a da sai an kai 250,000, daga baya ya sauko zuwa 100,000. Don haka kafin ya rubuta komai, sai ya duba shekarar da kundin ya fito.

Inda gwanintar take shi ne sanin abin da lambar ke ƙirgawa. RIAA ta daɗe tana lissafin abin da aka kai shaguna ne, ba abin da mutane suka saya ba, kuma kwalayen da suka yi kwantai suna iya komawa wurin kamfani bayan an riga an rataye lambar a bango. Dogon kundi mai faifai biyu sau biyu ake ƙirga shi. Sannan lambar ba ta zuwa da kanta. Sai kamfani ya nema, ya biya kuɗin tantancewa. Kundi na iya shafe shekara ashirin yana sayuwa alhali lambarsa na nan inda aka bar ta, saboda babu wanda ya damu ya nemi sabuwa. Gwanin yakan gane irin wannan daga kwanan watan lambar ƙarshe, sai ya ƙara abin da ya dace bisa yadda kundin ke tafiya a jadawalin ciniki.

Shekarar 1991 ita ce iyaka a wurin masu awon. Kafin nan mujallar Billboard na tambayar masu shaguna ne abin da ya fi tafiya, su kuwa suna faɗin abin da suka ga dama. Da aka fara amfani da SoundScan, mai ƙirga kowane faifai daga na'urar biyan kuɗi, sai ga ƙungiyar Skid Row a lamba ta ɗaya a jadawalin Billboard da kundinta Slave to the Grind a makon fitowarsa. Bayan 'yan makonni Metallica ta saki kundinta mai baƙar marfi, wanda ya wuce kwafi miliyan 16 a Amurka, ya zama kundin da ya fi kowane sayuwa tun fara wannan ƙidaya. A 1994 Pantera ma ta hau saman jadawali. Ashe masu sayen suna nan tun da, ƙirga su ne ba a yi.

Iron Maiden ce ke ba masu awon wahala. Kundinta The Number of the Beast na 1982 filatinam ya samu a Amurka, abin da ba ya kama ƙafar alƙaluman Metallica. Amma ƙungiyar ta yi wasa a Folan a 1984, ta tsaya gaban taron Rock in Rio a Barazil a 1985, kuma har yau tana cika filayen ƙwallo a Kudancin Amurka. Da yawa daga masoyanta na wancan zamani kaset ɗin kwafi suka saurara, irin wanda mu ma muka san ana turawa a rumfunan kasuwa, kuma babu littafin da ya shiga. Nan gwanin yakan raba shafinsa gida biyu: ciniki daban, farin jini daban, ya koma ƙirga tikiti.

Yanzu kuma ga sauraro ta intanet. Tun 2016 RIAA ke lissafa sauraro 1,500 a matsayin kundi ɗaya. A 2022 shirin talabijin Stranger Things ya sa waƙar Metallica mai suna Master of Puppets ta 1986, sai ta shiga jerin waƙoƙi ɗari na Billboard a karon farko, bayan shekara 36. Masu awon suka buɗe tsohon shafin Metallica, suka ƙara masa layi.