Zaren Da Ba A Ƙulle Ba

Wani gajeren labari ya iso mana daga Ambursa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Budurwa ce ta yi wata uku tana ɗinka wa saurayinta hula. Marubucin ya iya farawa, don mun ga zane bisa ƙyalle, mun ga allura ta soke mata yatsa. Amma da ya zo ƙarshe sai ya yi gaggawa: ta ba shi, ya gode, shi ke nan. Ina haɗa saman hular da jikinta? Ina wanki da sitaci? Ina fargabarta ko hular ta yi masa kaɗan? Ai nan soyayyar take. Muna ba shi shawara ya sake shafin ƙarshe, domin zaren da ba a ƙulle ba warwarewa yake yi.