Cinikin Asiri: Nazari a kan Fina-finan Holiwud Uku da Kalmomin Fassara Su

1. Gabatarwa

Masu aikin tsara kalmomi sun daɗe suna karo da kalmar Faransanci « chantage », wadda ake ce wa « blackmail » da Ingilishi. Wasu kan fassara ta da toshiyar baki, wasu da cin hanci. A ganinmu duka biyun sun kauce. Da yake ba a gane ma'anar kalma sai a cikin aikinta, mun zaɓi fina-finai uku na Holiwud waɗanda aka gina a kan cin amanar aure, dukiya da barazanar tona asiri, domin mu ga yadda abin yake tafiya kafin mu raɗa masa suna. Su ne The Cheat na Cecil B. DeMille (1915), The Letter na William Wyler (1940) da The Big Sleep na Howard Hawks (1946). A gidajen silima na ƙasashe masu amfani da Faransanci an san su da Forfaiture, La Lettre da Le Grand Sommeil.

2. Bashi da tambari

The Cheat fim ne marar magana. Edith Hardy, matar wani mai hada-hadar hannun jari a Niyok, ita ce ma'ajin wani asusun taimako. Son ado ya sa ta ɗauki dala 10.000 daga asusun ta zuba a hannun jari, kuɗin suka narke. Wani attajiri ɗan Japan mai fataucin hauren giwa, Tori, ya ba ta kuɗin bisa sharaɗin za ta ba shi kanta. Da mijinta ya sami riba, ta kawo wa Tori kuɗinsa, ya ƙi karɓa, ya ɗana mata tambarin wuta a kafaɗa, irin wanda yake buga wa kayansa. Ta harbe shi, bai mutu ba. Mijin ya ɗauki laifin. A gaban alƙali ta yaye kafaɗarta ta nuna tabon, jama'ar kotu suka yi wa Tori ca.

Abin yabo a nan shi ne yadda DeMille ya sa haske da inuwa suka yi aikin harshe, da kuma wasan Sessue Hayakawa, wanda fuskarsa ba ta cika motsi ba amma take faɗin kome. Abin suka kuwa yana cikin hukuncin labarin. Wadda ta ci amanar asusu ta fita kotu da mutuncinta, an mance da satar gaba ɗaya, domin an sami baƙo wanda za a ɗora wa dukan muguntar. Japanawa mazauna Amurka sun yi ƙorafi, saboda haka da aka sake fitar da fim ɗin a 1918 sai aka mai da Tori mutumin Bama mai suna Haka Arakau. Ba a sake ɗaukar hoto ba, rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna kurum aka canza. Wannan darasi ne ga mai fassara: layi biyu na rubutu sun isa su sauya wa mutum ƙasa, su kuma sauya waɗanda za a zarga.

3. Wasiƙa mai farashi

A cikin ukun The Letter ya fi nauyi, don haka za mu fi daɗewa a kansa. Asalinsa wasan kwaikwayo ne na Somerset Maugham na 1927. Labarin yana faruwa a gonar roba a Malaya zamanin mulkin Ingila. Leslie Crosbie, wadda Bette Davis ta fito a matsayinta, ta ɗirka wa Geoffrey Hammond harsashi shida a ƙofar gidanta, ta ce ya zo ne ya yi mata fyaɗe. Turawan wurin duka suka gaskata ta. Sai magatakardan lauyanta, Ong, ya zo da labarin wata wasiƙa da ta rubuta wa Hammond a ranar da ya mutu tana kiransa ya zo, mijinta ba ya nan. Wasiƙar tana hannun matar mamacin, kuma kuɗinta dala 10.000.

Abu uku ya kamata mu lura da su. Na farko, ba a yanke farashin bisa darajar takardar ba, an yanke shi daidai da abin da mijin Leslie ya tara a banki. Wato mai wannan sana'a ba ya duba kayan da yake sayarwa, aljihun mai saye yake aunawa. Na biyu, wanda aka ci amanarsa shi ne ya biya, ba tare da ya san nawa ba ne ko me wasiƙar ta ƙunsa. Bai gane ba sai da ya tashi sayen sabuwar gona a Sumatra ya tarar asusu wayam. Na uku, lauya Howard Joyce, mutumin kirki, shi ya kai kuɗin da hannunsa, alhali ya san sayen shaida laifi ne. Ke nan asiri ɗaya ya ɓata mutum uku, biyu daga cikinsu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Wurin da ya fi ko'ina ƙarfi a fim ɗin kusan babu magana cikinsa. Matar mamacin ta ce sai Leslie ta zo da ƙafarta. Da aka miƙa kuɗi, ta saki wasiƙar ƙasa, dole Baturiya ta sunkuya a gabanta ta ɗauka. A nan aka ga ba kuɗi kaɗai take nema ba, ƙasƙanci take so ta rama. Sai dai Wyler ma bai tsira daga aibin DeMille ba: matar, wadda Ba'amurkiya Gale Sondergaard ta fito a matsayinta, ba a ba ta baki ba sai ta hanyar tafinta, an mai da ita abin tsoro, alhali ita aka kashe wa miji.

Akwai kuma hannun masu tace fina-finai. An ɗauki wannan labari tun a 1929 tare da Jeanne Eagels. A waccan fitowa Leslie ta ƙare da ranta, hukuncinta shi ne zama da mijin da ya san gaskiya. A 1930 kamfanonin Holiwud suka amince da ƙa'idojin da aka fi sani da sunan Will Hays, aka soma tsananta su a 1934 a ƙarƙashin Joseph Breen, har zuwa 1968 da aka soke su. Ƙa'idojin sun hana mai laifi ya tsira, sun kuma hana a ƙawata zina. Don haka a 1940 aka mai da farkar Hammond matarsa ta aure, aka sa ta daɓa wa Leslie wuƙa, ita ma ƴan sanda suka tare ta. A ra'ayinmu ƙarshen 1929 ya fi gaskiya, ya fi kuma zafi, domin mutuwa hutu ce ga wadda za ta yi sauran kwanakinta tana haɗa ido da wanda ta cuta.

4. Asiri ya zama kasuwa

A The Big Sleep, wanda aka ciro daga littafin Raymond Chandler na 1939, abin ya tashi daga tsautsayi ya koma sana'a. Janar Sternwood, tsohon attajiri a Los Anjalas, yana zaune cikin keken guragu a ɗakin raino furanni, ya ɗauki mai bincike Philip Marlowe, wato Humphrey Bogart, domin wani mai kantin littattafai, Geiger, yana neman kuɗi a kan ƴarsa Carmen. Dā ma ya taɓa biyan wani, Joe Brody, dala 5.000. Da aka kashe Geiger sai hoton Carmen ya faɗa hannun Brody, ciniki ya ci gaba kamar ba a yi mutuwa ba. Asirin gidan masu kuɗi ya zama kamar saniyar tatsa, kowa ya samu ya tatsa. Cin amanar aure a nan ma ƙarya ce: an baza cewa wani mutum ya gudu da matar mai gidan caca, don a rufe kisansa. An sha sukar fim ɗin da cewa labarinsa ya cika sarƙaƙiya, kuma haka ne. Wani ɓangare na duhun ya zo ne daga abubuwan da littafin ya faɗa fili, waɗanda masu tacewa suka hana a nuna.

Dalilin da ya sa wasiƙa ko hoto suke da tsada haka yana cikin doka. A yawancin jihohin Amurka na wancan zamani ba a cika raba aure ba sai an tabbatar da laifi a kotu. A jihar Niyok, har zuwa gyaran dokar 1966, zina kaɗai ce hujjar saki. Takarda guda tana iya rushe aure, ta tafi da dukiya da suna.

5. Abin da Hausa ta riga ta sani

Kalmar Ingilishi ta samo asali ne daga harajin da manoman iyakar Ingila da Sikotland suke ba mahara a ƙarni na 16 don a bar su lafiya. Ta Faransanci ta fito daga « faire chanter », a sa mutum ya yi waƙa dole. Ɗaya tana duban kuɗi, ɗaya tana duban tilas, babu wadda ta ambaci asiri.

Hausa kuwa ta haɗa asiri da dukiya tun da daɗewa. In aka ce wane yana da rufin asiri, ana nufin yana da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da roƙo ba. In aka ce Allah ya rufa mana asiri, ana roƙon wadata da mutunci a baki ɗaya. Fina-finan nan suna nuna wannan ma'ana ne a juye: dukiyar da ya kamata ta rufa asiri ita ce take jawo masu tonawa, domin ba a yi wa matalauci irin wannan barazana.

Toshiyar baki ba ta dace ba, domin a cikinta mai bayarwa ne yake fara kai kuɗi. Cin hanci yana bukatar mai muƙami da zai karkata aikinsa. A fina-finan da muka duba, mai karɓa ne yake farawa, makaminsa kuwa abin da ya sani ne. Haka ma « infidélité »: zina kalmar shari'a ce, kwartanci aikin namiji ne mai bin matar wani, amma cin amanar aure ya game mace da namiji.

6. Kammalawa

Muna ba da shawarar a riƙa cewa barazanar tonon asiri ga aikin kansa a rubutun doka da ƙamus, a ce cinikin asiri a littattafan yaƙi da jahilci da fassarar fina-finai, inda ake son gajeruwar kalma, a bar toshiyar baki ga kuɗin da mai laifi ya kai da kansa. Muna roƙon abokan aiki na Maraɗi, Damagaram da Tawa su gwada waɗannan kalmomi a azuzuwan manya, su ji ko sun zauna a bakin jama'a, su kuma aiko mana da duk wata kalma ta karin harshensu da ta fi su dacewa.