VAR: Wa Aka Auna Kafin A Ɗinka Wannan Riga?

Ranar Asabar 30 ga watan Satumba 2023, da yamma lis, muna zaune a fadarmu ta unguwa, an fito da talabijin waje, shayi na biyu yana kan wuta, ana kallon Tottenham da Liverpool. A minti na 34 Luis Diaz ya jefa ƙwallo a raga. Ƴan Liverpool ɗin da ke cikinmu suka miƙe da ihu, sai mataimakin alƙalin wasa ya ɗaga tuta, wai satar gida. Aka ce a jira VAR. Ko zama ba su gama yi ba aka ci gaba da wasa, ci bai tabbata ba, alhali hoton da aka maimaito ya nuna ƙafar ɗan bayan Tottenham, Romero, ta fi Diaz kusa da raga. Washegari a shirina na wasanni duk wanda ya bugo waya tambayarsa ɗaya ce: me ya faru? Ni da ake kira don in yi bayani, ban fi su sani ba.

Sai bayan kwana uku hukumar alƙalan wasan Ingila ta saki sautin abin da aka tattauna a ɗakin VAR. Ashe na'ura ba ta yi kuskure ba. An ja layi, layi ya nuna Diaz bai yi satar gida ba. Alƙalin da ke gaban allon, Darren England, ya zaci a fili an riga an ba da cin, sai ya furta kalmomi biyu na Turanci da suka saba faɗa, masu nufin an gama dubawa. Alƙalin fili, Simon Hooper, ya ji wannan a matsayin tabbatar da satar gidan. Kafin a farga an buga ƙwallo, doka kuwa ta ce in an ci gaba da wasa ba a komawa baya. Liverpool ta sha kashi da ci 2-1.

Mutane da yawa sun tsaya kan zagin mutum ɗaya. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar kanta. An shirya tsarin da zai yanke hukunci a gaban miliyoyin mutane, amma a lokacin kalmar rufe bincike ba ta faɗin abin da binciken ya gano. Ko mai shagon tura kuɗi a bakin kasuwa ba ya ce maka "an gama" ya yi shiru; sai ya karanto maka suna da adadi ka amsa.

Masu ƙera manhajoji suna da wata ƙa'ida da suke yawan ambata, ta gina abu bisa buƙatar wanda zai yi amfani da shi. Wani Ba'amurke mai suna Don Norman na cikin waɗanda suka yayata ta, musamman a littafinsa na 1988, inda ya kawo misalin ƙofar da mutum ke turawa alhali ja ake yi. A ganinsa laifin na wanda ya ƙera ƙofar ne. A wajenmu wannan ba sabon ilimi ba ne, tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga. To, da hukumar dokokin ƙwallo ta IFAB ta shigar da VAR cikin doka a watan Maris na 2018, aka kai ta gasar cin kofin duniya ta Rasha, wa aka auna? Alƙali aka auna. Shi ke da abin saurare a kunne, shi ke da allo a bakin fili. Daga shi sai mai kallo a talabijin, wanda ake maimaita wa hoto. Wanda ya biya kuɗinsa ya shiga fili, ya sha rana ko sanyi, shi aka bari a ƙarshen layi. Lokacin da gasar Firimiya ta fara amfani da VAR a kakar 2019/20, filayen Anfield da Old Trafford ba su ma da babban allon maimaita hoto. Mutum dubu hamsin ko fiye suna zaune suna kallon alƙali ya dafe kunne, wasu suna lalubar waya don su tambayi na gida abin da ke faruwa a gabansu.

A gwada wannan da na'urar layin raga, wadda aka yi aiki da ita a gasar duniya ta 2014 a Brazil. Tambaya ɗaya take amsawa, ƙwallo ta haye layi ko ba ta haye ba, kuma cikin daƙiƙa ɗaya agogon hannun alƙali ya sanar da shi. Da wuya ka ji an zauna a fada ana tsine mata, don ba ta tsayar da kowa jira.

Mu ƴan rediyo namu ya fi zafi. Mai sharhi da muryarsa kawai yake aiki. Ka ja numfashi ka kwarara ihun ci, direba a hanya ya buga sitiyari, mai gadi ya tashi tsaye da rediyo a kunne, sannan ka koma kana lallashi: a dakata tukuna, ana dubawa. Me ake dubawa? Hannu ne, satar gida ce, ko wata ƙeta ce da aka yi tun tsakiyar fili? Minti biyu na rashin abin faɗa a rediyo daidai yake da shekara. Mai sauraro ba ya ganin layi ja ko shuɗi, kai ne idonsa, kai kuma an rufe maka naka.

A nahiyarmu ma an ga inda rigar ta yage gaba ɗaya. Ranar 31 ga Mayu 2019 a filin Rades na Tunisiya, a wasa na biyu na ƙarshen gasar zakarun Afirka, Esperance na gaba da ci ɗaya, Walid El Karti ya farke wa Wydad da ka, aka soke. Ƴan wasan Wydad suka ce a je a duba allo. Na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba, aka shafe fiye da awa guda ana cacar baki, daga ƙarshe alƙalin wasa Bakary Gassama na Gambiya ya tashi wasan, kofi ya tafi Esperance, magana ta ƙare a kotun wasanni. Duk wanda ya zauna a ƙasar da ake ɗauke wuta ya san tambayar farko da ake yi wa kowace na'ura: in ta mutu fa? A ranar jama'ar da suka cika filin ba su da mai gaya musu komai.

Kada a ce ina kiran a jefar da ita. Na tuna hannun Thierry Henry da ya hana Ireland zuwa gasar 2010, na kuma tuna ƙwallon Lampard da ta haye layi a wasan Ingila da Jamus aka ce ba ta shiga ba. Ƙungiyoyin Firimiya ma da Wolves ta nemi a soke VAR a watan Yunin 2024, 19 suka ƙi, ita kaɗai ta rage. An kuma fara gyara: a gasar ƙungiyoyin duniya da aka yi a Maroko a farkon 2023, da ta mata ta duniya a wannan shekarar, alƙali yana sanar da hukuncinsa ta lasifika. Sai dai sakamako yake faɗa bayan an gama. Muhawarar da ta kai ga hukuncin tana nan a ɓoye, alhali a wasan zari-ruga masu kallo a talabijin suna jin alƙali da mataimakinsa na bidiyo suna magana, ana nuna hoton a babban allo kowa yana gani.

Akwai kuma abin da lasifika ba za ta mayar ba. A fadarmu akwai wani yaro ɗan Arsenal da a da in an ci sai ya kifar da benci. Yanzu in ƙwallo ta shiga, miƙewa yake rabi, hannu a sama, ido a kan alƙali, sai an mayar da ƙwallo tsakiya sannan ya ce "to, ta zauna," ya koma ya ɗauki kofin shayinsa. Ni ma na lura a bakin makirfo na rage tsawon ihuna, ina ajiye rabin numfashi ko da za a soke.