Sharhi Kan Tatsuniyar Budurwa da Kwaɗo da Ɗan Sarki

Wannan tatsuniya tana cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya fara bugawa a 1911. Marainiya ce mai shan wahalar itace a hannun kishiyar uwa. Kwaɗo ya yi mata ado, ta bar takalmi ɗaya a wurin wasa, ɗan sarki ya neme ta ya aura.

Zubin labarin ya tsaru, amma ya sauƙaƙa hanyar shiga fada fiye da kima. A Damagaram ta zamanin Sarki Tanimu (1851-1884), kamar sauran fadojin ƙarni na 19, ƙofar da mace marar gata ta fi bi zuwa gidan sarki ita ce ƙwarƙwaranci, watau ta hanyar bauta. Haihuwa ce ke ɗaukaka ta: in ta haifa wa sarki, shari'a ta hana a sayar da ita, ɗanta kuwa daidai yake da ɗan matar aure wajen gado.

Saboda haka masu tsara littattafan yaƙi da jahilci don matan Zango da Birni, in za su sa tatsuniyar, ya kamata su haɗa ta da wannan bayani, kada mai koyo ta ɗauki almara a matsayin tarihi.